Yadda ake sake gina tsohon wurin ibada da ya rushe, da darasi daga majami'ar Yahudawa ta Worms

Ranar da ginin ibada ya faɗi, abin da ke fara zuwa zuciyar mutanen unguwa shi ne gayya: a fito da shebur da diga, a kira masu amalanke, a kwashe ɓaraguzai kafin Juma'a ta zagayo. Niyyar mai kyau ce, amma aikin nan na kwana uku shi ke ƙarasa abin da wuta ko ruwa suka rage. Muddin ɓaraguzai na kwance inda suka zube, ginin yana nan a cikinsu, domin kowane dutse da kowace azara na nuna inda suka fito. Da zarar an kwashe su an cike kwazazzabo a bayan gari, sai dai a yi sabon gini a laƙaba masa tsohon suna.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. A 2012 an rusa hubbarorin waliyyai a Tumbutu. A watan Janairu na 2015 an ƙona coci-coci da dama a Yamai da Damagaram. Nan jihar Tawa kuwa ga masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya samu kyautar fasahar gine-gine ta Aga Khan a 1986, kuma duk damina yana fuskantar irin jarrabawar da kowane ginin ƙasa ke fuskanta. Misalin da za mu bi ya fito daga Jamus, daga wurin ibadar Yahudawa, saboda shi ne wanda aka rubuta tarihin rushewarsa da tashinsa dalla-dalla. Aya ta 40 a Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibada iri huɗu da ake tsare su daga rushewa, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce ɗaya daga ciki na Yahudawa ne.

Abin da ya faru a Worms

Worms tsohon gari ne a bakin kogin Rhin. An gina majami'ar farko a 1034, kuma dutsen da aka sassaƙa sunan waɗanda suka ba da kuɗin ginin, wani mai suna Yakubu ɗan Dawuda da matarsa Rahila, yana nan har yau. Mayaƙan Salibiyya sun afka wa Yahudawan garin a 1096. A 1174 zuwa 1175 aka yi sabon gini na jan dutse, ɗaki guda mai ginshiƙai biyu a tsakiya waɗanda ke ɗauke da rufin. A tsakanin ginshiƙan ake tsayawa karatu, ma'ajin Attaura kuma yana bangon gabas, wajen Ƙudus. An haƙa wurin wankan tsarki a ƙarƙashin ƙasa a 1185 zuwa 1186, aka ƙara ɗakin mata a 1212 zuwa 1213, sannan a 1624 aka jingina wani ƙaramin ɗakin karatu da ake kira da sunan Rashi, babban malamin tafsirinsu wanda ya yi karatu a garin wajen 1060.

Ginin ya sha wuya: an lalata shi a 1349 lokacin babbar annobar da ta ci Turai, an sake a 1615, sannan sojojin Faransa suka ƙone garin a 1689. Kowane karo sai a gyara, kowane gyara kuma ya bar alamarsa. Ranar 10 ga Nuwamba 1938 ƴan Nazi suka cinna masa wuta, a shekarun da suka biyo baya aka tuttura bangayen da suka rage, bama-baman 1945 suka ragargaza tsohon garin. Yahudawan Worms sun haura 1,000 a 1933. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare babu sauran al'ummarsu a garin: wasu sun yi hijira, ɗaruruwa an kwashe su an kashe.

Abu uku suka sa aka iya tayar da ginin. Na ɗaya, ɓaraguzan sun zauna a wurin. Na biyu, mai kula da taskar takardun garin, Friedrich Illert, ya tsinto sassaƙaƙƙun duwatsu da rubuce-rubuce, ya kuma ɓoye takardun al'ummar da wani littafin addu'o'i na 1272 a hasumiyar babban cocin garin. Masana tarihi na muhawara kan manufarsa, amma kayan sun tsira. Na uku, akwai hotuna da awon ginin tun kafin gobara. An aza harsashi a 1959, aka buɗe ranar 3 ga Disamba 1961, da tsofaffin duwatsu a duk inda suka samu. A 2021 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tare da na garuruwan Speyer da Mainz.

Makon farko: a tsare, a tokare, kar a taɓa

A kewaye wurin tun ranar farko, ko da zana ce ko waya, a sa mai gadi dare da rana. Ɓarayin azara da ƙofofi ba sa jiran a gama jaje, haka ma masu ɗibar ƙasa don tabarruki, waɗanda da kyakkyawar zuciya suke rage bango. In rushewar ta faɗa ce ko harin bam, babu mai shiga sai jami'an tsaro masu ƙwarewa sun bincika, domin abin fashewar da bai tashi ba yakan kwanta shekaru a ƙarƙashin ƙasa. In an yi asarar rai, wurin shaida ne, kuma hotunan farko na iya zama hujja a gaban shari'a. Kotun duniya ta ICC ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 a 2016 kan rusa hubbarorin Tumbutu.

Bangon da ya rage a tsaye shi ne mafi haɗari. A rataya igiya mai nauyi daga samansa a auna karkatarsa. Ƙa'idar masu fasahar gini ita ce: in karkatar ta wuce kashi ɗaya cikin shida na kaurin gindin bangon, nauyinsa ya fita daga tsakiya. Bango mai kaurin santimita 60 da ya karkata fiye da santimita 10 yana buƙatar tokara nan take. A jingina faffaɗan katako a jikinsa tukuna, sannan a tokare katakon, tokara ɗaya a kowane mita ɗaya da rabi, ƙafarta a kan katako da aka kafe da turke. In aka ɗora bakin tokara kai tsaye a jikin ginin ƙasa, huda shi za ta yi. Kan bangon da rufi ya rabu da shi a lulluɓe da leda mai kauri a danne, amma a bar gefe a buɗe iska ta ratsa, don ledar da aka naɗe gaba ɗaya gumi take tarawa.

Kowace tsaga a manna mata ɗan curin filasta a gicciye, faɗin tafin hannu, a rubuta kwanan wata a gefe. A duba duk mako. In curin ya tsage, bangon na ci gaba da motsi, kuma matsalar tana ƙasa, a harsashi.

Yadda ake karanta ɓaraguzai

Nan ne aikin yake, nan kuma ake yawan yin gaggawa. A kafa turaku, a ja igiya, a raba filin gida-gida, kowane gida mita 2 a kan mita 2. Layin tsawo a ba shi haruffa, na faɗi a ba shi lambobi, ta yadda kowane gida zai samu suna kamar B4 ko D7. A zaɓi wani abu da ba zai gusa ba, misali dokin ƙofa na dutse, ya zama ma'aunin da ake ɗaukar tsayi daga gare shi har ƙarshen aiki.

Kafin a ɗaga ko tsinke, a ɗauki hoton kowane gida daga sama da kuma ta kusurwa huɗu, da sanda mai tsawon mita ɗaya a kwance cikin hoton da allo mai ɗauke da sunan gidan. Wayar hannu ta isa. In aka zagaya ginin ana ɗauka ta yadda kowane hoto zai maimaita kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, manhajar kwamfuta irin Meshroom, wadda kyauta ce, tana iya haɗa su ta fitar da siffar wurin da za a yi awo a kanta. Da safe ko da la'asar ake wannan. Hasken tsakar rana yana shafe zanen jikin bango.

Ana kwasa daga sama, hawa-hawa, kaurin santimita 20 zuwa 30, da hannu da ƙaramin shebur. Katafila ba ta da aiki a nan. Duk abin da hannun mutum ya siffanta, sassaƙaƙƙen dutse, guntun yaɓe mai zane, azara, ƙusa, marfin taga, a ba shi lamba: sunan gidan da lambar jeri, kamar B4-017. Da fenti ake rubutawa, a fuskar da za ta ɓuya cikin gini, saboda alli ba ya kai damina ɗaya. A shigar da lambar a littafi mai ɗauri, tare da tsawo da faɗi da kauri, da fuskar da ke kallon sama lokacin da aka same shi. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai: duwatsun baka sukan faɗi a jere, kamar yadda suke a sama, kuma wanda ya lura da jerin ya samu lanƙwasar bakan ba tare da lissafi ba. Ragowar ƙasa a tankaɗe ta da rariyar waya mai idon santimita ɗaya.

Kar a raina abin da zai fito. A Berlin, lokacin gyaran babbar majami'ar Yahudawa ta titin Oranienburger, a 1989 ma'aikata suka tarar da fitilar da ake bari a kunne a gaban ma'ajin Attaura, a cikin kankare. A tsohuwar Alƙahira, ɗakin ajiyar majami'ar Ben Ezra, inda Yahudawa ke tara duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah maimakon su yar, ya fitar da dubban ɗaruruwan takardu a ƙarshen ƙarni na 19. Mu ma haka muke yi da tsofaffin alluna da warƙoƙin Alƙur'ani, a alkuki ko a saman azara. Takardar da ta jiƙe a inuwa ake shanya ta, a kan tabarma mai tsabta. Wadda ta manne ko ta babbake kar a ɓamɓare. A sa ta kwali yadda take, a nemi masu kula da rubuce-rubucen hannu na cibiyar bincike ta IRSH da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai.

A yi rumfar ajiya, a jera kayan bisa katako, taƙi ɗaya sama da ƙasa, kowane gida da layinsa. Azara a ɗaga ta sosai saboda gara.

Dutsen da ya sha wuta sai an gwada shi. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda ya tsage ta ciki sai ya yi dum. Dutse mai sinadarin ƙarfe yana komawa ja tun wajen digiri 300 na zafi. A digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke cikin dutse suna kumbura farat ɗaya su raunana shi. Dutsen farar ƙasa kuwa, in zafi ya kai wajen digiri 800, fatarsa na zama ƙonanniyar farar ƙasa, ta dagargaje ranar da ruwa ya taɓa ta. Wanda ya yi dum ba ya ɗaukar nauyi kuma: ko a sa shi inda ba kaya a kansa, ko a ajiye don nuni, a sassaƙa madadinsa.

Hujja, da mai haƙƙi

A lokaci guda wasu su bazama neman yadda ginin yake a da. Hotunan ɗaurin aure da na sallar idi da ke cikin akwatunan gidaje sun fi kowace taska amfani, domin bangon yana bayan mutane ba tare da an nufa ba. A duba taskar takardun ƙasa a Yamai, da gidan tarihi na Boubou Hama, da hotunan sama na hukumar taswira, da taskar zamanin mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence a Faransa. A zauna da tsofaffin magina da ladanai, kowa shi kaɗai. In aka tara su wuri ɗaya, ƙarami ba zai musa wa babba ba, sai a tashi da bakin mutum ɗaya ana zaton na biyar ne. A tambaye su da ma'aunin da suka sani: kamu nawa, taƙi nawa, sahu nawa ke shiga, mutum nawa a sahu.

Daga nan a zana ginin, a shafa launi uku. Launi ɗaya na abin da ke tsaye ko aka tsinta a ɓaraguzai. Na biyu na abin da hoto ko tsohon awo ya nuna. Na uku na abin da baki kawai ya faɗa, shi ma sai mutum biyu da ba su haɗu ba sun dace. Inda babu ko ɗaya a bar shi fari. Yarjejeniyar Venise ta 1964, wadda masu gyaran kayan tarihi ke bi, ta ce gyara yana tsayawa ne inda zato ya fara. Wurin da ya fito fari a gina shi sumul, babu ado.

Tun kafin a haƙa harsashi a warware maganar mai wuri. A Worms ba ta zo da sauƙi ba. Hukumomin gari na son a gina, alhali masu ibadar ba sa nan, kuma cikin waɗanda suka tsira suka watsu a duniya akwai masu so, akwai masu ganin gina ɗaki babu masu shi rufa-rufa ce kawai. Littafin 1272 ma sai da aka yi jayayya a kansa kafin a kai shi Ƙudus a 1957, majami'ar kuma ta zama mallakar al'ummar Yahudawa ta Mainz. A wajenmu masu magana su ne zuriyar wanda ya kafa wurin, liman da jama'arsa, sarki ko hakimi, ma'aikatar magajin gari, da ma'aikatar al'adu, wadda doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa kula da kayan tarihin ƙasa. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. Mai ba da kuɗi a gode masa, amma zanen ba nasa ba ne. Sau da yawa daga hannun mai kyauta ake samun tayil da gilashi da koren fenti a jikin ginin shekara ɗari biyu.

Wace siffa za a mayar?

Tsohon gini ba shi da fuska ɗaya. Na Worms yana da ginshiƙan ƙarni na 12, tagogin da aka sauya bayan ɓarnar 1349, da manyan ƙofofin baka da aka huda tsakanin ɗakin maza da na mata a ƙarni na 19. Wanda ya ce a mayar da shi «yadda yake tun asali» sai a tambaye shi: asalin wace shekara? Hanya mafi aminci ita ce a mayar da siffar da ginin ke da ita dab da rushewa, domin ita ce mai hotuna da shaidu masu rai.

Akwai wasu hanyoyin. Majami'ar Berlin, wadda aka buɗe a 1866 da wurin zaman mutum wajen 3,000, bam ya same ta a Nuwamban 1943, aka rushe ragowar babban ɗakinta a 1958. Da aka tashi gyara daga 1988 zuwa 1995, gaban ginin da ƙubbarsa kawai aka tayar, filin babban ɗakin aka bar shi fili da alamar inda bango yake. A Ƙudus, majami'ar Yahudawa ta Hurva da aka rusa a yaƙin 1948 ta shafe shekaru ana gardamar zane. An yi baka guda a 1977 don tuni, sai a 2010 aka kammala ta da siffarta ta 1864. A Dandaji, nan jihar Tawa, an gyara tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa a 2018, wanda hanya ce mai kyau in jama'a sun fi ƙarfin tsohon ɗaki.

Tarihinmu ma ya san wannan gardama. Bayan gobarar da ta kama Ka'aba a yaƙin shekara ta 64 bayan Hijira, Abdullahi ɗan Zubairu ya sake gina ta ya shigar da Hijir Isma'il, filin da ke gefenta, ciki. Bayan kimanin shekara goma Hajjaju ya mayar da ita siffar ginin Ƙuraishawa. An ruwaito cewa da wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake, Imamu Malik ya hana, don kar ɗakin ya zama abin da kowane sarki zai rusa ya gina. A yanke shawara sau ɗaya, a rubuta dalili.

In masallaci ne, a duba alƙibla tun yanzu. Daga Tawa tana wajen digiri 74 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Tsofaffin gine-gine sukan saɓa da ƴan digirori. Malamai su yi magana kafin a aza tubali. Sau da yawa ja layin sahu a ƙasa ya wadatar, ba sai an karkata harsashi ba.

Dutse da farar ƙasa

A haƙa ramukan gwaji, mita ɗaya a kan mita ɗaya, a kusurwoyi da gindin ginshiƙai, a ga zurfin tsohon harsashi. In yana da lafiya a kansa za a hau. Kafin a kwaɓa komai, a jera duwatsun baka da na ƙofa a ƙasa bisa yashi, busassu, har sai kowanne ya samu maƙwabcinsa, sannan a yi musu makarin katako daidai da lanƙwasar da ta fito.

A ƙasar Adar, inda dutse ke ko'ina, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure tsohon dutse da siminti. Siminti ya fi dutsen tauri, ba ya barin danshi ya fita, yana kuma ɗauke da gishiri. Ruwa sai ya bi ta jikin dutsen, gishirin ya taru, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa, layin simintin na tsaye. Abin da ya dace shi ne ƙonanniyar farar ƙasa, wadda ake kira «chaux» da Faransanci. Ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa, domin tafasa take tana tartsatsi. A sa tabarau da safar hannu. A bar ta a rami ƙarƙashin ruwa, in da hali wata uku. Awo ɗaya nata, awo uku na yashi mai kaifi da aka wanke. A jiƙa dutse kafin a ɗora. Kar a hau fiye da rabin mita a rana. Farar ƙasa da iska take ƙarfi, sannu a hankali, kuma in ta bushe da wuri gari take zama. Saboda haka a rufe aikin da jiƙaƙƙen buhun algarara, ana yayyafa ruwa kwana bakwai zuwa goma. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, ba lokacin wannan aiki ba ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, a kuma kare bangon daga iskar hunturu. In za a haɗa dutsen da ya rabe biyu, da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yi. Rodi na yau da kullum in ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa dutsen daga ciki.

Ginin ƙasa

Tubalin da ya narke ba ya komawa mazauninsa kamar dutse. Abin da ake cetowa a nan shi ne awo, da azara, da ƙasar kanta, da hannun magina. Da wannan aka tayar da hubbarori 14 na Tumbutu a 2015, da maginan garin. Tsohuwar ƙasar bango ta fi sabuwa, a sake kwaɓa ta, ban da ta gindi, kamar rabin mita daga ƙasa, wadda ta sha gishiri da fitsarin dabbobi. In za a ƙaro, a gwada: a murza kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta yi kaurin santimita 3, a turo ta a hankali daga bakin tebur. In ta karye kafin santimita 5 yashi ya yi yawa. In ta wuce 15 ba ta karye ba laka ta yi yawa, za ta tsattsage, sai a ƙara yashi da ciyawa. A bar kwaɓin ya kwana uku zuwa bakwai ana tattakawa, tubali kuma ya yi mako biyu yana bushewa.

Yawancin rushewa daga sama take farawa. Ƙasar rufi mai kaurin santimita 20 tana da nauyin kilo 350 a kowane murabba'in mita, tun tana busasshiya. In duk shekara aka ƙara santimita 3 ba a kankare tsohuwar ba, kilo 50 ke nan, cikin shekara goma an ɗora wa azara ƙarin rabin tan a kowane murabba'in mita, ga gara na cin bakinta a cikin bango. Don haka a rubuta kaurin rufin a littafin aiki, a kuma kafa doka: sai an kankare ake ƙarawa. Azarar giginya kar ta tsallake fiye da mita 2 babu abin da ya tallafe ta; ɗaki mai faɗi sai bakan gizo ko ginshiƙi. Kowace tsohuwar azara a soka mata wuƙa a baki biyu, in ta shige a sauya. Indararo ya fito aƙalla rabin mita daga bango, inda ruwan ke zuba a shimfiɗa duwatsu, ƙasar gindin bango ta gangara waje. Yaɓe na ƙasa ne da makuba. Yaɓen siminti a kan ginin ƙasa yakan yi kyau shekara biyu ko uku, sannan ya tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya shige ta tsagar, ya rasa mafita, bango ya ruɓe a ɓoye.

A nuna sabo, a tanadi mai kula

Kowane sabon dutse ko azara a buga masa shekarar aiki a wurin da mai bincike zai gani. Inda tsohon bango ya ƙare sabo ya fara, a bar siririn layi. A bakin ƙofa a kafa allo da Hausa, boko da ajami, da Faransanci: shekarar gini, ranar rushewa da sababinta, shekarar gyara, da abin da ke na asali. In mutane ne suka rusa, a faɗi haka. A Worms an keɓe wuri a ɗakin mata don tunawa da Yahudawan garin da aka kashe, kuma ginin ya daɗe kusan babu masu ibada, sai bayan 1990 da Yahudawa daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka zo zama. A 2010 ma an yi yunƙurin ƙona shi, wanda ke nuna gadi ba ya ƙarewa ranar buɗewa.

Daga kuɗin da aka tara a ware kashi ɗaya cikin biyar tun farko, rabi don abin da zai ɓullo a tsakiyar aiki, rabi don kulawar shekarun farko. A sa samari biyu ko uku su bi babban magini daga harsashi har zanko, da sunansu a yarjejeniya. Littafin lambobi da zane da hotuna a yi kwafi uku: ɗaya wajen liman ko shugaban jama'ar wurin, ɗaya a ma'aikatar magajin gari, ɗaya a Yamai. A sa ranar duba gini sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka da kuma Oktoba bayan ya ɗauke. Ranar ruwan farko mai ƙarfi kuwa mutum biyu su fito da fitila, ɗaya a ciki yana duba bakin azara, ɗaya a waje yana bin indararo ɗaya bayan ɗaya, duk wanda bai zubar ba a hau a buɗe shi a daren.